Kunci ɗaya na lotsawa kuma naman fuska na rawa: tiyata za a tara wa kuɗi ko likitan ƙwaƙwalwa za a fara gani?

Ƴar'uwa, tun ranar sunan nan da kika ja ni bayan rumbu kina nuna min fuskar yarinyarki abin bai bar raina ba, kuma kin san a tsaye cikin hayaniyar mata ba a gama irin wannan maganar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a tsanake, ke da duk wadda ta samu kanta a irin halin. Kin ce kuɗin riɗin bana suna hannu, babanta na cewa a ajiye a haɗa da na baɗi a kai ta a cike mata kuncin kafin samari su fara sallama, ke kuma hankalinki na kan rawar da naman ke yi da ciwon kan da ke kwantar da ita yini guda, kakarta kuma ta kafe iska ce a koma wajen malam. Wallahi haka muka yi ta ja-in-ja a gidan Yayana kusan shekara uku a kan ƴarsa. Ni ba likita ba ce, malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, sai dai ni na yi jigilarta zuwa Kano ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, ni ke riƙe katin, ni ke tambaya har likita ya gaji da ni.

Tamu tana shekara 9 mai kitso ta fara lura. Ta tsaga gashin sai ta ce wai Goggo ku zo ku gani, wani layi ne ya taso daga saman girar hagu ya shige cikin gashi, fatar wajen ta yi duhu ta yi ƙyalli, ta ɗan lotsa kamar an dangwala bayan wuƙa a kan tuwo, gashin layin kuma ya zube. Muka ce makero ne muka shafa man zafi muka manta. Kafin ta kai 12 kuncin hagu ya faɗa, idon ya ɗan shige ciki, leɓen ya ja sama har haƙori na leƙowa. Sannan muƙamuƙin ya fara abinsa: tana cikin cin tuwo sai ki ga naman gefen kunne ya ɗaure tamau yana motsi ƙarƙashin fata kamar akwai ƙadangare a ciki, bakin ya datse da ƙarfi, wata rana ta ciji harshe jini ya ɓata mata hijabi. Sakan kaɗan ne, wani lokacin minti ɗaya ko biyu, ya sake ta, amma a yini sai ya yi sau da yawa.

Sunan da likita ya rubuta mana daga baya shi ne Parry-Romberg, sunan likitoci biyu ne, Caleb Parry na Ingila wanda bayaninsa ya fito a 1825 bayan rasuwarsa, da Moritz Romberg na Jamus a 1846. Ciwo ne da ba shi da yawa sam, yana cinye kitse da fatar ɓarin fuska ɗaya a hankali, in ya kama yaro da wuri har tsoka da ƙashi da tushen haƙora da rabin harshe yana taɓawa. Galibi kafin shekara 20 yake farawa, ya fi kama mata, ya yi ta ci daga shekara 2 har wani ya kai 20 sannan ya tsaya da kansa. Ba a ɗauka a kwano ko a shimfiɗa, kuma ba na gado ba ne yadda sikila take. An fi zargin garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa naman mutum, shi ya sa yake tafiya da wani ciwon taurin fata, wato layin nan da mai kitso ta gani. Wajen mutum 15 cikin 100 na masu shi suna samun matsalar jijiya ko ƙwaƙwalwa: farfaɗiya, ciwon ɓarin kai, zogi mai fizga kamar lantarki a kunci, da wannan datsewar muƙamuƙin.

Amma kar ki ɗauka daga ganin da na yi wa yarinyarki a bayan rumbu na gama sanin ciwonta. Karkacewar baki ta dare ɗaya, wadda mutum zai kwana lafiya ya tashi ido ba ya rufuwa ruwa na zuba ta gefen baki, daban take, naman na nan, ƙarfi ne babu, kuma yawanci tana warwarewa cikin makonni ko watanni. Shanyewar ɓarin jiki ita ma farat ɗaya take zuwa da hannu da ƙafa. Kuturta kan fara da tabon da ba ya jin taɓi, maganinta kyauta ne. Rawar fatar ido ta gajiya da rashin barci, wadda ake cewa za ka ga baƙo, ba komai ba ce. Wanda nake magana a kai shi ne mai tafiyar hawainiya, wanda sai kin ɗauko hoton sallar bara kin haɗa da na bana za ki ga bambanci.

To yanzu awon da za ki yi wa kowace hanya. Abu na farko da ya kamata ki tambaya, wanda mu ba mu tambaya ba muka yi asarar shekaru, shi ne wace matsala take gyarawa, don matsalolin uku ne a fuska ɗaya: cin naman da ke ci gaba, rawa da ciwon jijiya, da ramin da ya riga ya faru. Babu magani ɗaya da ke yin ukun. Sai kuɗi, kuma ba kuɗin magani kawai ba, har na mota daga nan zuwa tashar Yankaba, na adaidaita, abinci, kwana in an ce ku dawo gobe, da ranar gona da aka rasa in damina ce. Farashi a ƙasar nan na safe daban na yamma daban, don haka da dabbobi zan auna miki kamar yadda muka biya. Sai daɗewar amfanin, sai sauƙin samu ga wanda ke ƙauye, sai haɗari.

Na gida: malam, wanzami, mai saiwa

Addu'a da tofi da rubutu ba su taɓa hana mu komai ba, ba mu kuma daina ba, limaminmu ma shi ya lallashi Inna da hadisin cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ta yarda aka tafi asibiti. Kuɗinsa sadaka ce, yana ƙofar gida, yana kwantar da hankalin uwa da na yarinya. Inda nake jan kunnenki shi ne abin da ke taɓa fatar. An yi wa tamu ƙaho a kuncin wai a janye mugun jini, an yi tsaga uku an cusa gari, fatar da dama ta yi siriri kamar ledar burodi, gyambon ya yi wata bai rufe ba, tabon na nan har yau kuma likitan tiyata da ya gani sai da ya girgiza kai ya ce wajen zai yi wahalar ɗagawa in an zo cikewa. Hayaƙin barkono da dukan cire aljani ga yarinyar da ke da farfaɗiya kuwa zalunci ne kawai. Kuma a hankali a hankali na gida ba arha ba ne, kaza yau, turmin atamfa gobe, baƙin bunsuru jibi, da muka lissafa ya kusa kuɗin hoton ƙwaƙwalwar da muke ta gudu. Babban haɗarinsa lokaci ne, don naman da ya tafi ba ya dawowa.

Kemis

Nan muka fi cutuwa. Wani mai kemis a garin da muke cin kasuwa ya kalle ta ya ce rama ce, ya haɗa mata sha-ka-fashe, ƙananan ƙwayoyin nan na ƙiba da mata ke sha kafin biki. Wata biyu tana sha, kuncin dama mai lafiya ya cika ya yi tulu-tulu, na hagu yana nan yadda yake don babu kitsen da zai kumbura a wajen, sai bambancin ya ninka, yara a islamiyya suka sa mata suna, ta daina zuwa. Ga ƙuraje, ga ciwon ciki. Ƙwayar dexamethasone ce, tana sa hawan jini da sukari, tana raunana ƙashi da garkuwa, kuma in an daɗe ana sha ba a yanke ta rana ɗaya, sai an rage a hankali. Arha, kusa, ba layi, amfani babu. In paracetamol ne na ciwon kai kafin a isa asibiti to shikenan, iyakar kemis ke nan a wannan ciwon.

Bincike a babban asibiti

Wannan ba magani ba ne amma ƙofar sauran duka ce. Ki fara da babban asibitin da ke kusa da ku a rubuta miki takardar turawa, da ita ake saurin samun ganin ƙwararre. A Jigawa akwai Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin tarayya na Birnin Kudu, a Kano akwai Murtala da kuma asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, wanda yake asibitin koyarwa ne, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya, na fata, na ido, na haƙori da muƙamuƙi, da na tiyatar gyaran jiki duk a waje ɗaya. Abin da aka yi wa tamu: hoton MRI na kai, gwajin EEG wanda ake manna wayoyi a fatar kai a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke tafiya (ki tsefe mata kitso ki wanke kan, kar a sa mai, mu sai da aka mayar da mu a kan haka), gwajin jini, da duba cikin ido don ciwon kan sa kumburi a cikin idon da ba a gani daga waje. Rago babba guda da muka kai Maigatari ranar Alhamis da ɗan ƙari, shi ya tafi a nan har da kuɗin mota. Sau ɗaya ake yin yawancinsu, sai in wani sabon abu ya taso. MRI ba zafi ba allura mai yawa, ƙara ce dai kamar injin markaɗe, sai an ce wa yarinya ta kwanta shiru kusan rabin awa.

Abin da ya tura mu dole shi ne ranar da take gaban murhu hannunta na dama ya fara fizga shi kaɗai, ta ƙura ido ba ta amsa kira, Allah ya sa matar Yaya na kusa ta janye ta. Na tambayi likita ya aka yi fuskar hagu ce amma hannun dama ke fizga, ya ce tabon da ke ƙwaƙwalwa yawanci ɓangaren fuskar yake, kuma ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki.

Maganin tsayar da cin naman

In likita ya ga ciwon na kan tafiya, abin da aka saba bayarwa shi ne ƙwayar da aka rubuta methotrexate a kwalinta, tare da prednisolone na watannin farko, kamar wata uku, sannan a janye shi a hankali. Za ki ce to ba dangin sha-ka-fashe ba ne wannan prednisolone ɗin, e danginsa ne, bambancin da awo ake bayarwa daidai nauyin yaro, da ranar farawa da ranar ragewa. Aikinsu su kwantar da garkuwar jiki ta daina cin naman. A 2011 an buga wani gwaji da aka yi a Italiya a kan yara 70 masu ciwon taurin fatan nan, waɗanda aka ba methotrexate kusan ɗaya cikin uku ne ciwon ya sake taso musu, waɗanda ba a ba ba kuwa kusan bakwai cikin goma. Kin ga ke nan yana taimakawa sosai amma ba kowa yake riƙewa ba.

Kuɗin ƙwayar kanta da sauƙi, gwajin jinin da ake maimaitawa da zirga-zirgar su ne nauyin, don ana shan ta shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma sai an yi watanni kafin ki ce kin ga ya tsaya. Ba ta cike rami ko kaɗan, wannan ki faɗa wa babanta tun farko kar ya ce an ci kuɗinsa. Haɗarinta kuma ba wasa ba, dan Allah ki karanta nan sau biyu. Sau ɗaya a SATI ake sha, ba kullum ba, wanda ya sha kullum bisa kuskure zai iya mutuwa. Mu Juma'a muka zaɓa, na rubuta da gawayi a bangon ɗaki, ƙwayar kuma tana cikin akwatina ba a hannun yarinya ba. Ana haɗa ta da folic acid, ƴar ƙwayar nan da ake ba masu ciki a awo, a wata ranar daban. Ba a haɗa ta da Septrin, kuma kin san Septrin a wajenmu kamar gyaɗa ake ba da shi in yaro na tari ko zawo, haɗuwarsu na iya kashe ɓargon da ke yin jini, don haka duk wanda zai ba ta magani a gaya masa. Tana taɓa hanta, shi ya sa ake gwada ciwon hanta kafin a fara. Tana zubar da ciki ko ta nakasa jariri, mai shayarwa ma ba ta sha, to in maganar aure ta matso a faɗa wa likita gaskiya kar a ji kunya. Zazzaɓi mai zafi ko gyambon baki in ya fito, a tsaya a koma asibiti.

Ƙwayoyin jijiya da farfaɗiya

Su ne na rawar da zogin da faɗuwar. Tamu carbamazepine aka ba ta, wanda aka fi sani da Tegretol, shi ɗaya yana taɓa farfaɗiyar, yana rage zogin lantarkin nan, yana kuma sassauta datsewar muƙamuƙi ga wasu. Gaskiya a wajenta farfaɗiyar ta kwanta, muƙamuƙin ya ragu ne kawai bai bari ba. Yana cikin masu arha, ana samunsa a manyan kantunan magani na Gumel ko Haɗeja ba sai Kano ba, amma kullum ne safe da dare, shekaru, kuma ranar da ya yanke farat ɗaya faɗuwar na iya dawowa da ƙarfi fiye da da, don haka kafin ya ƙare da sati ki sayo wani, musamman da damina in hanya ta lalace. Farkon sha akwai jiri da barci. Abin tsoron shi ne ƙuraje a watanni biyun farko, in kika ga jiki ya feso, leɓe da ido sun yi ja suna saluɓewa, a daina a tafi asibiti a ranar. Yana kuma raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Akwai wani, valproate, yana aiki amma yana cutar da ɗan tayi sosai, likitoci na kaffa-kaffa da shi ga ƴan mata. Azumi kuma a tambayi likita yadda za a juya lokutan sha.

Abin da ba ya cin ko sisi: mai faɗuwa ba ta zama gaban murhu ita kaɗai, ba ta jan ruwa a rijiya, ba ta wanka a kududdufi. In ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kar a cusa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura ruwa ko manja, in ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba a nemi mota. Miyaunta ba ya sa wa kowa farfaɗiya, a daina gudu.

Allurar Botox

Ga muƙamuƙin da ya ƙi jin ƙwaya, wannan ita ta fi aiki. Ana tsira ta cikin tsokar taunar da ke ɗaurewa ta sanyaya ta, cikin ƴan kwanaki zuwa sati biyu a ga sauƙi. Matsalar wata uku zuwa huɗu take yi ta sake, sai a koma, daga waje ake kawo ta da dala, sai a firji take zama, kuma sai babban birni wajen wanda ya san tsokar. Sau biyu muka yi, kowanne ya ci akuya mai kyau, na ukun muka kasa. Watannin nan dai yarinyar ta ci nama ta ci rake ba fargaba, har yanzu tana tuna min. Ta kan sa tauna ta yi rauni na ɗan lokaci, kuma yawan yi na ƙara ramar da tsokar, a fuskar da dama ta rame wannan abin dubawa ne. Ba ta hana farfaɗiya, ba ta tsayar da ciwon.

Cike ramin

Wanda babanta ke so ke nan, kuma ban ga laifinsa ba, uba ne yana hango ranar da za a zo ganin yarinya. Iri biyu ne. Na farko a zuƙo kitse daga cikinta ko cinyarta a tace a tsira a kuncin, jikinta ne don haka ba ya ƙin sa, aikin ba shi da tsawo, sai dai wani kaso na kitsen na narkewa cikin watanni, sai an yi sau biyu ko uku kafin ya zauna, kuma yarinya siririya irin namu na ƙauye wani lokacin kitsen da za a ɗiba ma ƙalilan ne. Na biyu babbar tiyata ce ga wanda ramin ya yi zurfi har ƙashi: a yanko nama da jijiyoyin jininsa daga cinya ko baya a dasa a fuska a ɗinke jijiyoyin da madubin ƙara girma, awanni da yawa, kwanaki a gado, kuɗin bijimi ko fiye, ƙwararrunta kaɗan ne, dashen na iya mutuwa ko ya zazzago daga baya a sake gyara. Shi ya fi daɗewa in ya kama.

Abin da ya sa na ce kar a fara da nan: galibin likitoci na son ciwon ya tsaya cak shekara ɗaya zuwa biyu kafin su cike, don in yana kan ci, abin da aka zuba ma zai bi sahu, kamar yaɓen katanga ne ana tsaka da ruwan Agusta. Kuma cikewa ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Sannan dan girman Allah duk wadda ta ce miki tana allurar cike kumatu a gida ko a shagon kwalliya ki gudu, ruwan da suke tsirawa na daskarewa ya yi ƙulli ya ruɓe, wani in ya shiga jijiyar jini yana makantarwa.

| Hanya | Me take gyarawa | Kuɗi | Daɗewa | Samu daga ƙauye | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsaga, ƙaho, saiwa | babu | kaɗan-kaɗan har ya taru | babu | ƙofar gida | tabo, gyambo, ɓata lokaci |
| Ƙwayar ƙiba ta kemis | babu | arha | babu | sauƙi | hawan jini, sukari, ƙarin bambanci |
| MRI, EEG, jini, ido | gano ciwon | rago | yawanci sau ɗaya | sai birni | kaɗan |
| Methotrexate da prednisolone | tsayar da cin nama | matsakaici, wata-wata | shekara 1 zuwa 2 ana sha | sai ana komawa gwaji | babba in an yi kuskuren sha, ko ciki |
| Carbamazepine da danginsa | farfaɗiya, zogi, rawa | da sauƙi amma kullum | muddin ana sha | ana samu kusa | ƙuraje masu tsanani, jiri |
| Botox | datsewar muƙamuƙi | akuya duk zuwa | wata 3 zuwa 4 | wuya | raunin tauna |
| Dashen kitse | rami madaidaici | mai nauyi, sau 2 ko 3 | shekaru in ciwon ya tsaya | sai asibitin koyarwa | narkewa, kumburi |
| Babbar tiyata | rami mai zurfi | bijimi ko fiye | mafi daɗewa | wuya sosai | babba |

To wa ya dace da me. In yarinya ta taɓa faɗuwa, ko hannu ko ƙafa na fizga, ko tana ƙura ido ta ɗauke na ɗan lokaci, ko wani ɓarin jiki ya yi sanyi, ko gani ya ragu ko idon ya yi ja yana ciwo, ba maganar ajiye kuɗi, satin nan za a tafi, likitan ƙwaƙwalwa da na ido. Taki da kika ce ciwon kai na kwantar da ita kuma naman na rawa, ni a ganina nan kuɗin riɗin bana za su, bincike da fara magani, tiyata ta jira riɗin wata shekarar.

In ramin na ƙaruwa amma ba alamar jijiya, likitan fata za ki nema a yi maganar methotrexate tun naman da saura, musamman in yarinyar ba ta kai 10 ba don ƙashin fuskarta bai gama girma ba, ita ta fi kowa asara in aka jira. In muƙamuƙi ne kaɗai ke damunta tana cizon harshe, a fara da ƙwaya, in wata biyu uku ba sauƙi kuma da hali a gwada Botox ko sau ɗaya ne, a kuma nuna wa likitan haƙori. In babba ce, ciwon ya yi shekara biyu bai motsa ba, ba faɗuwa ba zogi, to ita ce ta dashen kitse, kuma ita za a tambaya ko tana so, don tamu yanzu tana 17 an ce mata ta kusa isa, ta ce Goggo ni a bar ni in gama makaranta tukuna. Babbar tiyata sai wanda ramin ya hana shi tauna ko rufe ido ko ya kai ƙashi, kuma akwai mai tsaya masa.

In kuma kuɗin gaba ɗaya bai kai na MRI ba, kar ki zauna, ki je a gan ta a rubuta abin da ya fi gaggawa, likita na iya fara maganin farfaɗiya da bayanin baki da EEG, ki kuma tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ko akwai rangwame. Ranar tafiya ki ɗauki duk kwalayen maganin da ta taɓa sha har na kemis, da tsofaffin hotunanta na sallah, sannan ki sa wani mai babbar waya ya ɗauki bidiyon kuncin lokacin da yake rawa, don tamu ranar farko awa huɗu muna zaune a benci yana yi, muna shiga gaban likita ya yi lakwas kamar bai taɓa ba, bidiyon da ɗan Yaya ya ɗauka a tsakar gida shi likitan ya kalla har sau uku. Daga yau kuma duk farkon wata ki tsayar da ita a bakin ƙofa ɗaya, da safe, ba murmushi, a ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, da shi za a san ko ciwon na tafiya ko ya tsaya.